Dabinon Tsakar Rana a Wadi Bawanis

Azumin bana ya zo mana da zafi a Katsina. Tun hantsi bango ke ɗaukar wuta, kafin azahar ko ƙadangare ba ka gani a tsakar gida. Ni da aikin asibiti ya sallame ni, ba abin da nake yi sai jan tabarma daga wannan inuwa zuwa waccan. Shekaranjiya maƙwabciyata ta shigo da ledar magunguna, wai in duba mata, tana so ta haɗa na rana da na dare ta shanye gaba ɗaya da sahur don kada su wuce ta. Na karɓe ledar na rufe ta da faɗa har ta fara dariya, ta ce, "Hajiya Binta, sai ka ce sata na yi." Ban gaya mata abin da ya tayar mini da hankali ba. Bayan ta fita na zauna ina tuna wani azumi da na yi a Sabha, wajen shekara ashirin ke nan.

A lokacin ƙofar Libiya a buɗe take ga baƙar fata. Rediyo da talabijin ba su da zance sai haɗin kan Afirka, mutanenmu kuwa sai kwarara suke yi, wasu su tsaya aikin gini ko na gona, wasu su huta su wuce arewa. Maigidana ya samu aikin koyar da Turanci, na bi shi da yara biyu, muka kama haya a unguwar Hajara. Da aka ji ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na taɓa riƙe aji, wata ƙaramar makarantar koyon jinya ta ɗauke ni in koyar da ilimin magunguna. Larabcina na Islamiyya ne, na Libiyawa kuwa gudu yake yi kamar ana korarsa. Don haka darasina gauraye ne. Sunan magani da Turanci, bayani da Larabci mai ɗingishi, faɗa kuma da Hausa, tunda a zatona ba mai ji.

Azumin shekarar ya faɗo a ƙarshen zafi, daidai lokacin da dabino ke nuna. Zafin Sabha ba irin namu ba ne. Namu ko ya kai ina ka san hadari na tafe. Can sai ka yi wata da watanni kana ɗaga kai ba ka ga gajimare ko kamar tafin hannu ba. In iskar kudu da suke kira gibli ta taso, sai ka ji kamar an buɗe maka tanda a fuska. Ruwan tankin da ke kan rufi ba ya taɓuwa da rana, ko alwala ba a yi da shi, sai wanda muka tara a bokiti tun da safe muka tura ƙarƙashin gado. Nakan jiƙa tsohon zani in rataye a taga kafin in fita, in dawo in tarar ya bushe ƙarau.

Abinci ba ya wuya a garin, burodi da taliya da man girki ko'ina akwai. Abin da rai ke so ne babu. Gero da tsamiya sai direbobin Agadas sun shigo, ranar kuwa labari zai zaga matan Hausawa, kowa ta samu abin da ba zai cika kwano ba. Sai in yi ta tattalin tsamiyata kamar turare. La'asar na yi in ɗora kunu, in jiƙa wake, maƙwabciyata Balibiya ta turo mini shorba, miyarsu ta shan ruwa mai ƙamshin na'ana'a, ni kuma in mayar mata da kwanonta cike da ƙosai. Mijinta ya kamu da son ƙosan nan har ya fara gaishe ni da Hausa.

A aji kuwa, 'yan mata ne leɓe a bushe, fanka na juya zafi a kansu, ido na rufewa. Ni kuma ba ni da haƙuri da sakaci a kan magani, ko da azumi ko ba azumi. Ba ma taɓa magani na gaske. Wake da gyaɗa nake zubawa a kwalaben da suka ƙare in liƙa musu suna, lemon zaƙi kuma shi ke shan allura a madadin mutum. Kafin hannunki ya kai bakin majinyaci, nake ce musu, ki san ko waye shi, ki san wane magani ne, nawa ne, lokacinsa ya yi, kuma ta ina zai shiga. Ki karanta kwalba in za ki ɗauka, ki sake karantawa in za ki zuba, ki kuma dubawa in za ki mayar. Wani lokaci in musanya kwalabe da gangan. Duk wadda ta miƙa ba ta duba ba sai in ce, "Shi ke nan, kin kashe shi, tashi ki je ki yi wa iyalinsa gaisuwa." Su yi dariya, amma ba mai yarda a aike ta gaisuwa sau biyu.

A sati na biyu na azumi na ajiye littafi na yi musu darasi a kan mai azumi da maganinsa. Na ce magani ba salla ba ne, in lokacinsa ya wuce ba a tarawa a rama. Na daɗe a kan ƙwayar ciwon sukari, ƙaramar nan fara, wadda aikinta danne sukarin jini, kuma ba ruwanta da ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. In ta yi yawa a cikin da babu komai, mutum zai fara gumi mai sanyi, hannu ya kama rawa, magana ta sarƙe, ya yi taurin kai kamar ba shi ba, daga nan sai suma. Kafin ya suma abu mai zaƙi ta baki ya isa. In ya riga ya suma ba a sa masa komai a baki, sai allura a jijiya.

Da aka tashi, wata ɗaliba ta tsaya tana goge allo. Ramatu sunanta, baƙa siririya, a baya take zama, ba ta ɗaga hannu, amma ban taɓa aika ta gaisuwa ba. Na ɗauka 'yar garin ce, don Larabcinta ba shi da maraba da na sauran. Sai da ajin ya watse ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Tanti, in mutum ya riga ya saba ramawa hwa?"

Alli ya kusa faɗuwa daga hannuna. Hausa ce tsantsa, irin ta kakata, in ban da "Tanti" ɗin, wato anti a bakin mutanen Nijar. Ashe duk "sakarai" da "shashasha" da nake rabawa tun farkon zango akwai mai kwashewa. Na ce, "Ke, 'yar nema! Shi ne kika bar ni ina ta zuba?" Ta yi murmushi kaɗan, sai ido ya kawo ruwa.

Mahaifinta ne. Malam Isufu, mutumin Tasawa ta Nijar, ya daɗe yana aiki a wata gonar dabino a Wadi Bawanis, kwarin da ke wajen gari. Ya kawo iyalinsa Sabha tun Ramatu na ƙarama, a nan ta yi karatu. A gona yake kwana, ba ya zuwa gida sai ranar Alhamis. Yana da ciwon sukari, likita ya ba shi ƙwaya ta safe da ta rana da ta yamma. Ta rana tana wuce shi yana azumi, ta yamma tana wuce shi yana sallar asham, sai ya tara su duka ya haɗiye da sahur a kan shayi da gutsuren burodi, kamar wanda ya makara yake rama sallolinsa. Daga nan ya hau dabino.

Na ce, "To ki gaya masa mana. Me kike karanta?"

Ta ce, "Tanti, ni ce ta hwari."

Ban ƙara tambaya ba, don na san abin. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a kallonta ido cikin ido, ba a zama hira da ita. A gida kaka ce ke ɗauke irin wannan yaro ta rene shi, kowa ya huta. A Sabha babu kaka. Shekara da shekaru suna ɗaki biyu da tsakar gida ɗaya, shi yana ce wa iska "a kawo ruwa," ruwa ya zo, ita kuma ba ta taɓa haɗa kalma uku da shi ba. Ta faɗa wa uwarta, Aisa, uwar ta faɗa masa, ya ce yaushe aka haifi mai maganar. Tausayinta ya kama ni, na ce ranar Alhamis a dama kunu da ni.

Na je. Gida ne na bulo da ba a shafe ba, an share shi tas. Malam Isufu dogo ne busasshe, tafin hannunsa duk tabon ƙayar dabino. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka shimfiɗa mini darduma mai kyau. Bayan an sha ruwa an yi magariba na sa ya kawo magungunansa, na zazzage su a kan faranti na yi masa bayani dalla-dalla. Ramatu na bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Madam, an gode. Amma ni lahiya lau ni ke. Lokotoro ya ce kada guda ta wuce ni, kuma ba ni barin ta wuce. Abin da ya kuɓuce ma mutum ai ramawa a kai."

Na ce, "Malam, wannan ramuwar za ta iya kayar da kai daga saman dabino. Ka koma wurin likitan ya sake tsara maka su don azumi. Kuma duk ranar da ka ji gumi da rawar jiki, ka karya."

Ya yi dariya a hankali. "Tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba, ko shekarar da munka ƙetaro sahara bisa buhunna saman babbar mota. In an ƙare yankan dabino ni tahi wurin lokotoro, in Allah ya so. To, madam."

Na san irin wannan "to" ɗin. Na sha jin sa a bakin tsofaffi a asibiti, ma'anarsa kin gama, sai da safe. Raina ya ɓaci, amma mutum ne mai kirki, ban ga ta inda zan yi masa tsawa a gidansa ba. Da zan tafi Aisa ta ce gobe Juma'a mai gonar ya bar iyalan ma'aikata su je tsince, kowa ya dawo da rabonsa, in zo in ga gona. Ramatu ta rako ni bakin titi, da motar haya ta tsaya ta riƙe mini mayafi ta ce, "Tanti, ki zo don Allah."

Mun fita da sassafe. Ka bar gari, ka ratsa rairayi ja, kwatsam sai ga kore a cikin kwari, itatuwan dabino jere, injin ban ruwa na tari. Maza na hawa ƙafa ba takalmi, igiya a kugu, su yanko reshe mai 'ya'ya su zuro shi ƙasa a hankali. Mu mata muna ƙarƙashi a kan tabarmi muna ware mai taushi da busasshe, muna fitar da wanda tsuntsu ya taɓa. Wanda bai tsinci dabino da azumi ba bai san jarrabawa ba. Zaƙi na ɗiga a yatsunka, ƙamshi na shiga hanci, ƙudan zuma na sha a gabanka, kai kuwa ko lasar yatsa babu. Matan Nijar na ta tsokanar juna, wai a sa ido a kan wance, kumatunta sun cika motsi.

Rana ta take sosai, inuwar kowace bishiya ta tsuke ta koma gindinta. Ramatu na kusa da ni tana tsince, kanta a sunkuye, amma na lura ba ta juya wa bishiyar da ubanta ke kai baya ko sau ɗaya. Can sai ta taɓa ni. "Tanti, ya kai wuƙa sau biyu bai samu reshen ba. Rigarshi ta jiƙe."

Na ɗaga kai. Ya rungume bishiyar ya kifa goshi. Na ƙwala wa mazan kira, biyu suka hau suka sauko da shi a hankali, suka jingina shi da gindin. Na kama hannunsa, sanyi ƙalau a cikin wannan zafi, gumi na tsattsafowa, yatsu na kaɗawa. Na tambaye shi nawa ya sha. Da ƙyar harshensa ya juya, ya ce na jiya duka da na yau. Mai gonar ya ruga ɗauko akori-kurarsa a can ƙarshen gona.

Na ɗauki dabino mai taushi na ce, "Malam, ci." Ya girgiza kai. Na lallaɓa, na yi faɗa. Wani dattijo abokin aikinsa ya durƙusa yana ce masa Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, ya ci ya rama bayan salla. Malam Isufu ya datse haƙora, yana ta maimaita cewa la'asar ta kusa, alhali ko azahar ba a kira ba. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Ba ni da allura, ba ni da ruwan sukari na jijiya, asibiti na can cikin gari. In idonsa ya rufe, duk dabinon da ke kewaye da mu ba zai yi masa amfanin komai ba.

Sai na ga Ramatu ta tashi. Ta zo ta durƙusa a gabansa, gwiwa da gwiwa, ta dube shi a fuska. Aisa ta rufe baki da mayafi.

Ta ce, "Baba."

Ya kau da kai gefe.

"Baba, sukarinka ya hwaɗi. Maganin da ka tara shina aiki, ba ya tsayawa sai ya samu abinci. In ka suma ba mu iya ba ka komi ta baki."

Ko a wannan hali sai da na ji daɗi, don ba ta bar komai ba a cikin abin da na koya mata. Shi kuwa bai dube ta ba. Ni ya nema da ido, ya ce, "Madam, ki ce ma ɗiyar ga ta tashi."

Ba ta tashi ba. Ta karɓi dabinon daga hannuna ta cire ƙwallon, ta yi magana kowa na ji. "To ni lahiyata lau, ba ni da uzuri ko guda. In ba ka ci, ni in ci, da gangan, gaban mutane. Ka san abin da ka hawa kaina."

Duk wanda ke wurin ya sani. Marar lafiya rana ɗaya zai rama. Mai lafiya da ya ci da gangan kaffara ce a kansa, wata biyu a jere, ga zunubi. Ta yi bisimilla a fili ta ɗaga hannu zuwa bakinta.

Hannun nan da ke rawa ban san inda ya samo ƙarfi ba. Ya cafke wuyan hannunta, ya ɓamɓare dabinon daga yatsunta ya jefa a bakinsa. Yana taunawa hawaye na bin gemunsa. Ta ɓare wani ta miƙa, ya karɓa, ta ɓare wani. Aisa ta damo sukari a ruwa cikin kofin shayi, Ramatu ta tallafe masa ƙeya ya sha. Ba a jima ba rawar ta fara lafawa, idonsa ya dawo daidai.

Wannan dabarar ba ni na koya mata ba, ba ta cikin kowane littafi, kuma ba zan sa ɗaliba ta yi ta ba. Har yau ban sani ba ko da gaske za ta ci, ban kuwa taɓa tambayarta ba.

Duk da ya farfaɗo na ce sai asibiti, don irin wannan ƙwaya takan daɗe a jiki, ta sake kayar da mutum bayan an ɗauka ya warke. An kwantar da shi aka yi masa ƙarin ruwa. Likita ya rage masa ta sahur, ya mayar da mai ƙarfin lokacin shan ruwa, ya hana shi hawan dabino har salla. Ramatu ce ta riƙa ware masa su tun daga ranar, ta ajiye a murfin kwano inda zai gani. Ta gama makaranta shekarar da muka dawo gida, daga baya Libiya ta rikice da yaƙi, labarinsu ya yanke mini. Ina sa su a addu'a duk azumi.

Amma abin da ya fi zama mini a rai a bayan akori-kurar nan ya faru, muna hanyar asibiti. Yana kwance a kan buhunan da ba a cika ba, Aisa ta yi masa inuwa da mayafinta, rana na dukanmu, mota na tsalle a kan rairayi. Ramatu ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa tana bin bugun jini, idonta a kan agogona. Shi ya juya fuska yana kallon tudun yashi, kamar bai san akwai mutum a wannan gefen ba, amma bai janye hannun ba.

Mun kusa shiga gari ya yafito ni. Na sunkuya, ina zaton jiri ne ya dawo. Mutumin da yau ya sha azuminsa na farko a duniya ya rage murya, don kada Ramatu ta ji, ya ce, "Madam, dabinon ga bai taɓa bakinta ba ko?"

Na ce, "Bai taɓa ba, Malam. Azuminta na nan."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya lumshe ido. Ramatu ba ta ɗago ba, ta ci gaba da ƙirgarta, hawaye na sauka a kan hannun ubanta.